Rasuwar Birkin Bas ɗin Kan Tudu

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har wuya, direban bas ɗin da ke sauko da mutane daga kan tudu zuwa kasuwa yana sanar da rasuwar amininsa, Birki, wanda ya cika jiya da la'asar a ƙofar gareji, ƙafar direba na kansa.

Marigayin mai kawaici ne. Ba ya cin komai sai ɗan mansa, shi ma a kofi ɗaya yake wata da watanni. Taɓa shi kaɗan, sai man ya bi bututu ya isar da saƙo ga tayoyi huɗu lokaci guda, babu wadda ake fifitawa. Bai taɓa neman yabo ba. Fasinja suna yaba kujera, suna yaba rediyo, shi kuwa yana ƙarƙashinsu yana riƙe da ransu. Iyakar maganarsa "tsss", in an tsaya lafiya.

Ciwon ya faro ne da ɗigo. Kullum da safe direba kan tarar da tabon mai a bayan tayar hagu. Ya kai wa mai motar kuka, wanda yayan matarsa ne, shi kuwa ya ce a kaɗa ruwan sabulu a ɗura masa, ai duk santsi ne. Da ɗigon ya ƙi tsayawa, bakanike ya toshe bututun wannan tayar da ƙusa. Haka marigayin ya ci gaba da aiki da ƙafa uku, yana jan mota gefe, yana kukan "ƙiii" a kowace kwana. Daga baya sai an taka shi sau biyu, sau uku, kafin ya amsa. Jiya aka taka, feda ta tafi har ƙasa kamar an taka soso, ba ta dawo ba.

Ya rasu ya bar birkin hannu, tsoho tukuf wanda ba ya ji. Da giyar mota ta ɗaya, mai yawan suɓucewa. Da ham, wanda ba abin da ya iya sai kuka.

Mai motar bai karɓi gaisuwa ba, don a ganinsa suma ce. "Kai dai tsoro gare ka," in ji shi. "In ba za ka iya ba, miƙa wa ƙaninka makulli." Ƙanin nan kuwa bana ya koyi tuƙi, kuma ba ya iya ce wa manya a'a. Direba ya mayar da makullin aljihu. Tsoro kam yana jinsa, har cikin ƙafar tasa.

Za a tashi da gawar gobe da safe daga tasha, a gangara da ita. Ana sa ran jana'iza a kwanar da ke gaban gada. Ana roƙon 'yan uwa, da 'yan kasuwa, da masu kai yara makaranta, don Allah kada kowa ya halarta. Direba dai zai je, don shi zai ɗauko mamacin.