Yadda Na Sare Gawon Baba Nomau

Ba zan taɓa mantawa ba da daminar da na tafi ceton ƙauyen su mahaifiyata Hajo daga hamada. Shekara biyar ke nan bayan farin tamanin da huɗu, ina aji biyu a jami'a a Yamai, ina karatun shari'a. (Shari'a fa na ce, ba noma ba.) Ni haihuwar Birnin Konni ne, ɗan ma'aikacin buro, wato ofis. Sanina da gona bai wuce cin tumu ba idan dangi sun aiko.

A jami'a muna da ƙungiyar ɗalibai ta dashen itatuwa. Mun jera dogon yaro daga ɗakunan kwana har ɗakin cin abinci, muna shayar da su da bokitin wankanmu, kuma sun kama. Aka zaɓe ni shugaba, ba don na fi kowa haƙa rami ba, sai don na fi kowa baki. Da hutu ya matso na tashi a taro na ce aikinmu bai kamata ya tsaya cikin katangar makaranta ba, mutanen karkara suna cikin duhu, mu kai musu haske. Aka tafa mini. Har yau idan na tuna tafin nan sai in ji kunnena ya yi zafi.

Na aika wa Baba Nomau, ƙanen kakata, da ke wani ƙauye kusa da Illela. Ya aiko cewa muna iya zuwa, ya ba mu gefen gonarsa ta gabas mu dasa abin da muke so. Mu takwas muka sauka a Konni, muka karɓi dashen dogon yaro sittin a wurin ma'aikacin gandun daji, kamiyo, babbar motar kaya, ya ajiye mu a bakin hanya, amalanken jaki ya ƙarasa da mu. Baba Nomau, tsoho siriri mai ɗan gemu fari, ya yanka mana zakara biyu, ya bar mana ɗakinsa ya koma zaure.

Washegari ranar kasuwar Illela ce. Kafin ya fita ya ce mini, "Ku huta, ɗana. In na komo da azahar, in gwada muku wurin."

Ni kuwa hutu bai cikin tsarina. So nake ya dawo ya tarar an gama, ya riƙe baki. Hantsi bai yi ba na kwashi jama'ata da gatura da diga, muka nufi gonar. Rabin gari yana kasuwa, sauran suna gonakinsu, babu wanda ya tare mu.

Gero ya kai ƙugu, ko'ina kore shar. Amma a gefen gabas ga wasu ƴan itatuwa tsaye, tsayin mutum ko su ɗan fi, farare, sai ƙaya, babu ganye ko ɗaya. An kewaye gindin kowanne da busasshiyar ƙaya. Na tsaya na riƙe ƙugu kamar likita a kan majinyaci, na ce, "Kun gani? Tsakiyar damina, itace babu ganye. Wannan shi ne hamada a gaban idonku. A cire su, a nan za mu dasa namu."

Cikinmu akwai Ramatu, mai karatun lissafi, ɗiyar manomi ce daga wajen Madawa. Ta zagaya ɗaya ta ce, "Shugaba, wannan kamar gawo ne. Kuma wanda ya kewaye shi da ƙaya yana son abinsa. Mu jira mai gona."

Na ce, "Ko gawo ne, yanzu dai gawa ne."

Samarin suka fashe da dariya. Ramatu ta sake buɗe baki, na rufe ta da Faransanci mai tsawo, har da sunan wani littafi da ban wuce bangonsa ba. Ta ajiye digarta ta koma gindin wata aduwa ta zauna, ta ce hannunta ba ya ciki. Mu kuwa muka duƙufa. Ba sara kaɗai muka yi ba, har saiwa muka bi muka tone, don ramin dashenmu ya samu wuri. (Na lura saiwar tana da tauri da danshi. Na ce a raina ruwan sama ne ya jiƙa ta.) Goma sha huɗu muka kayar, muka jera dogon yaro a gurbinsu, kowanne bai fi taƙi biyu ba.

Bayan la'asar aka taru a ƙofar mai gari don jin jawabina. Na sa kwat ɗin aro a cikin wannan zufa, ga takarda shafi huɗu a hannu. Maza a kan tabarmi, mata daga baya a tsaye. Baba Nomau ya makara a kasuwa, don haka kai tsaye ya wuto wurin taron bai biya ta gona ba. Ya zauna a gaba yana kallona da fara'a, ɗan Hajo ya zama mutum.

Na yi bayanin hamada, na yi bayanin jahilci. Na gaya wa mutanen da suka binne shanunsu a fari mene ne fari. Sannan na kawo hujja: na jawo ɗaya daga cikin itatuwan da muka sare na ɗaga sama.

"Ku dubi wannan! Ya mutu a tsaye a gonarku, ba wanda ya kula, sai da muka zo daga Yamai!"

Wurin ya yi tsit. Ni na ɗauka maganata ce ta ratsa su.

Baba Nomau ya miƙe a hankali, ya karɓi itacen a hannuna. "Ɗana, ina kas samo wanga icce?"

"Gonarka ta gabas, Baba."

"Guda nawa kunka sara?"

"Duka," na ce, har da ɗaga ƙirji. "Har saiwa."

Ya sa farcen babban yatsansa ya kankare ɓawon. Ciki kore ne, ɗanye, yana tsattsafo da ruwa. Ya juya shi ya nuna mini, ni kaɗai, kamar ba ya son jama'a su gani.

"Gawo ne, ɗana. Shi da damina yake kaɗe ganye, don hatsin da ke ƙarƙashinai shi samu rana. In rani ya yi, sannan shi yi kore, bisashe su sha inuwa su ci ɗiyanai. Duk gona babu inda gero ka yin kai kamar gindin gawo. Manyan da ubana ya bar min, shekarar fari munka sassare ma shanu, shanun kuma ba su tsira ba. Waɗanga da kansu sunka tsiro. Shekara biyar ina tsaronsu daga awaki. Na san ba ni shan inuwarsu. Don jikoki ni ka yi."

Daga baya wata tsohuwa ta ɗaga murya: "Wai lakwal ta Yamai ba a karanta gawo?"

Dariya ta ɓarke ta ɓangaren mata, ta ci tabarmin maza, sai da mai gari ya tsawata. Baba bai yi dariya ba. Da ma na durƙusa a nan na ce ya yafe mini, da an wuce wurin. Amma bakin nan da ya sa aka zaɓe ni shugaba bai iya shiru ba. Na ji kaina ina cewa, "To ai, Baba, mun dasa maka waɗansu a madadinsu."

Baba ya dube ni. Ya ce, "Madalla. Allah shi yi maka albarka." Ya saɓa itacen a kafaɗa ya nufi gona.

Tuwo ya zo mana kamar jiya, har da man shanu. Ban iya ci ba. Da sassafe na tattara jama'ata, na ce jarrabawa na jiranmu (a tsakiyar hutu!), na yi masa sallama daga bakin zaure ban yarda mun haɗa ido ba. Har muka isa Konni Ramatu ba ta ce mini "ai na faɗa maka" ba. Da ta faɗa, da na fi samun sauƙi.

Daga baya mahaifiyata ta ba ni labarin cewa da rani ya yi, Baba ya riƙa ɗora jarka a jaki yana kai wa dashenmu ruwa, ya kewaye su da ƙayar nan da muka watsar. In an ce ya bar wahala sai ya ce aikin ɗan Hajo ne, ba ya bari ya lalace. Bakwai suka rayu. Kowane hutu sai in ce wannan karon zan je in ba shi haƙuri, kowane hutu kunya ta samo mini uzuri. A shekara ta uku aka aiko ya rasu. Zuwan da na kasa yi don neman gafara, shi na yi don ta'aziyya, kuma babu wanda ya tayar mini da maganar, sai godiya ma suke yi na zo daga nesa.

Abin da na koya ba shi da yawa, amma na saye shi da tsada, kuma ba ni na biya ba: idan ka shiga gonar mutum, tambaya ta riga gatari. Yanzu furfura ta cika mini kai, amma ko ciyawa na gani a tsakar gidana ba na tuge ta sai na kira uwargida na ji ko da mai ita.