Gatan da na yi wa huren Gwaggo

Ba zan taɓa mantawa ba da damanar da na ci bak, wato jarrabawar gama sakandare, kuma wallahi ba don bak ɗin ba. Ƴan ajinmu in sun tuna shekarar nan, guɗa da rawa suke tunawa. Ni kuwa da na tuna sai in ji ƙamshin takin shanu a hancina (ƙamshi na ce? To, ku bar shi a haka).

Bari in fara da Gwaggo. Yayar babana ce. Mu mutanen Gangara ne, amma a gidanta na zauna a Agye saboda lakol, wato makarantar boko. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, shi ya sa ba ta taɓa kiran sunana ba, "Uwata" take ce mini ko da faɗa za ta yi. Ta daɗe a Abijan da mijinta, direban babbar mota, Allah ya jiƙan shi. Da ya rasu ta tattaro ta dawo gida, kuma cikin duk kayanta, abin da ta riƙo bisa cinya tun daga can har Agye shi ne wasu ƴan tukwane na wani hure da ake ce ma orkide.

In ba ku taɓa ganin orkide ba, ku ƙaddara ganye mai kauri kamar harshen saniya, da saiwoyi farare-farare kamar taliya sun leƙo waje suna reto. Ba a ƙasa suke zaune ba. Gawayi ne da ɓawon kwakwa da tsingaro, cikin tukwane masu huji ta ko'ina. A lungun randuna take ajiye su, ƙarƙashin rumfar zana, in bazara ta yi ta kewaye su da jiƙaƙƙun buhuna. Ruwan sama take tara musu a bido, babbar jarkar nan ta roba, ta riƙa fesa musu da wata tsohuwar kwalbar turare, fis, fis. Maƙwabta sun daɗe da yanke hukunci cewa Abijan ta ɗan taɓa Hajiya.

"Ƴan matana" take ce musu, ban da babban cikinsu. Shi ne wanda mijinta ya fara kawo mata, shi kuma "Tsoho" take ce mishi, yadda take kiran marigayin. Sau ɗaya yake hure a shekara, fari tas da ɗan ja a tsakiya. Ranar da ya buɗe, Gwaggo takan haɗa shayi mai ɗaci irin wanda marigayi ke so, ta shimfiɗa tabarma gabanshi ta zauna ita kaɗai. Ranar ko sallama ka yi, a hankali take amsawa.

Duk wannan a gabana ake yi, amma ni ina? Kaina na cikin waya. Yatsuna biyun nan sun hi ni sanin duniya.

To a satin da sakamakon bak ya hito, a satin ɗiyar Gwaggo ta haihu a Gidan Rumji, dole ta tahi wankan jego sai an yi arba'in. Tana gama ɗaure kaya ta ja ni lungun randuna ta fara bayani. Wayata kuwa sai ɓari take, gurup ɗin ajinmu ya kama wuta, kowa na turo murna.

"Uwata, kina ji na?"

"Dakor, Gwaggo." ("To, na ji" ke nan da faransanci.)

"Ki sa yatsa ki taɓa, in kin ji da sanyi-sanyi..."

"Dakor, dakor."

Ta yi magana mai tsawo, na tabbata. Abin da kunnena ya kama kalma biyu ne: "ruwa" da "amana".

Da murna ta ɗan lafa sai na je na tsaya gaban tukwanen, na riƙe ƙugu. Ku tuna, bak ɗin kimiyya na ci. Na zana saiwa a takardar jarrabawa, na sa mata suna da faransanci. Kaina ya kumbura har ɗankwali ba ya zama. Kuma kahin in zama ƴar lakol ni ɗiyar manomi ce, a gidanmu in ka ga saiwa a waje ka wuce ba ka tura mata ƙasa ba, sai ka sha faɗa. Na dubi bayin Allahn nan zaune bisa gawayi kamar masu jiran a gasa su, sai tausayi ya kama ni. Na ce haba, ashe shi ya sa sau ɗaya suke hure a shekara, yunwa ce! Gwaggo ta riƙe ni shekara da shekaru, yau ga ranar da zan rama alheri.

Ranar kasuwar Gangara na hau kabu-kabu na tahi gida da buhu.

"Ƙasa kuma?" in ji Baba. "Ta Agye ƙarewa ta yi?"

"Ta huren Gwaggo ce, Baba."

"Wanga huren nata, ana miya da shi?"

"A'a."

"Awaki na ci?"

"A'a."

Ya girgiza kai. "Yaya dai sai addu'a." Amma da yake ɗiyarshi ta ci bak, ko wata na ce ya ciro mini sai ya nemi tsani. Ya kai ni gona, daidai wurin da shanun wani makiyayi, Buba, suka yi zaman rani, inda ya hi ko'ina taki, ya cika mini buhu da hannunshi.

Na dawo na zage damtse. Na zazzage tukwanen, na toshe hujin da laka don kar ruwa ya riƙa zuba a banza, na danna ƙasa da taki, na binne kowace saiwa har sai da ba a ganin ko ɗaya. A jikin Tsoho akwai wani tsinke kore da ya miƙe sama, na ce kai ma ba ka hi ƙarhina ba, na lanƙwasa shi na binne. Ɓawon kwakwa na watsar a bola. Gawayin kuwa na hura wuta da shi na haɗa ma kaina shayin gajiya (ku riƙe wannan, za mu dawo kanshi). Daga nan na kwaso su daga lungu na jera a tsakar gida, su ma su ga rana, su sha ruwan sama kamar kowa. Ranar da ba a yi ruwa ba, sahe da marece ina sheƙa musu da bokiti.

Hoto kuwa ba a magana. Na tura a gurup, ga yadda suke da, ga yadda na mai da su. Ƙawata Zali ta rubuto: "Ke kin gama da mu, injiniya!" Wani ya ce dokta. Na amsa duka biyun.

Gwaggo ta kira ta ce, "Ya ƴan matana?"

"Safa, lahiyarsu lau, Gwaggo! Sai dai kin zo kin gani."

"Tsoho fa? Na ga ya fara turo tsinken hure kahin in taho. Ki kula kar wani abu ya taɓa shi."

Na tuna tsinken da na binne. Sai na ce ma kaina ai duk abin da ke ƙasa sama yake nema, zai hito da ƙarhinshi. Na ce, "Yana nan ƙalau."

Ganyen dai sun fara yin ɗorawa-ɗorawa, sun yi laushi. Dokta ta duba ta ce canjin wuri ne, ta ƙara taki. Kuma sai ga abin al'ajabi: wata sahiya na hito na tarar da ƴan tsirrai kore shar sun ɓullo cikin kowace tukunya, siri-siri, cike da lahiya. Na yi ihu har kaji suka watse. Na rubuta a gurup da manyan baƙaƙe: SUN HAIHU! Kullum ƴan jariran nan sai tsawo suke, har suka ruhe iyayen. Na ce ai haka duniya take.

Aka sa walimar bak ɗina ranar da Gwaggo za ta dawo. Baba ya zo da zabi, ƴan ajinmu sun cika gida, maƙwabta sun shigo. Ni kuwa na sha sabuwar shadda, na lulluɓe tukwanen da zane yadda nake ganin manya na yi a tele in za su buɗe sabon gini. Gwaggo ta iso da rakiyar surukar ɗiyarta, Hajiya Ai, wata Bagobira wadda bakinta ba shi da birki. Ko ruwa ban bari sun gama sha ba na tafa hannu, na ce Zali ta kunna bidiyo. Na yi jawabi, jama'a. Har da faransanci. Na ce ilimi in bai amfani na gida ba, ba ilimi ba ne. Sannan na yaye zanen, fuu!

Kowa ya zuba ma tukwanen ido.

Hajiya Ai ta matso, ta duƙa, ta ɗago ta dubi Gwaggo. "Yo ke Hajiya, wanga na huren da kika ɗauko tun daga Abijan? Da kin hwaɗi ai da na aiko miki dami guda. Gero na hwa!"

Baba ya leƙo ta bayanta. "Gero ne kam. Kuma irin gonata ne. Har ya isa a rage shi."

Gero! Ni da na tashi cikin gero, na rage shi da hannuna, na kore mishi tsuntsu, na surfa shi, na sha shi a fura. Ƙwayoyin da suka biyo ƙasar gona ne suka samu taki da ruwa suka ce bismilla. Na dube su yanzu, ko makaho ya shafa ya san gero ne. Gida ya kece da dariya, wata maƙwabciya har da zama ƙasa, bidiyon Zali sai rawa yake don ita ma ta kasa riƙe kanta. Na roƙi ƙasa ta tsage in shige, ga ta nan kuwa na tara ta da yawa, amma ta ƙi.

Mutum ɗaya ce ba ta yi dariya ba. Gwaggo ta durƙusa da kayan tahiyarta, ta sa hannu ta buɗa geron a hankali har ta kai ga Tsoho. Ta taɓa ganye ɗaya, sai ya biyo hannunta, gindin ya yi baƙi ya ruɓe. Wani wari ya taso. Dariyar ta mutu ita kaɗai, ba wanda ya ce a yi shiru.

Na jira faɗa. Wallahi da mari ta yi mini da na ji sauƙi. Sai ta ce, ba ta ko ɗago ba, "Uwata, kawo ruwan bido da sabuwar reza."

Nan na durƙusa kusa da ita cikin sabuwar shaddata. Tana zaro su ɗaya-ɗaya, ina zuba ruwa tana wankewa. Saiwoyin nan farare sun koma kamar taliyar da ta kwana a ruwa. Tsinken huren da na binne ya narke, ta daɗe tana dubanshi bisa tahin hannunta kahin ta ajiye. Yawancin ƴan matan sun riga sun tahi. Tsoho, bayan an yanke duk abin da ya ruɓe, ganye ɗaya ya rage mishi da saiwa ɗaya.

"Ina gawayinsu? A daka a barbaɗa a wurin yankan."

"Gwaggo... na... na yi shayi da shi."

Ta ɗago ta dube ni. Leɓenta ya fara rawa, na ce shi ke nan kuka za ta yi. Sai dariya ta ƙwace mata, tana yi hawaye na zuba, ni kuma kukan da nake riƙewa ya ɓalle.

"Na kashe miki shi, Gwaggo."

"Bai mutu ba tukuna, bar yi mishi baki." Ta share mini huska da bakin mayahinta, hannunta duk taki. "Abin da aka yi miki kika yi musu. A gidanku duk abin da ake so, ƙasa ake ba shi da taki. Su kuwa a garinsu bisa itace suke zama, iska suke sha. Baƙi ne, Uwata. Baƙo sai an tambaye shi abin da yake ci."

Hajiya Ai da kanta ta je murhu ta tsinto gawayi ta daka, tana yi tana cewa ita dai a ba ta geron in ba mai so. Washegari Gwaggo ta sake yi mini bayanin nan daga farko, amma sai da ta karɓe wayata ta ƙulle a bakin zane. Ashe abin ba shi da wuya: inuwa, iska, ruwa kaɗan, sai yatsa ya ji bushewa. Rabin aikin ma ƙyalewa ne.

Shekarar nan Tsoho bai yi hure ba. Amma da lokacin ya zagayo, Gwaggo ta haɗa shayinta mai ɗaci, ta shimfiɗa tabarma gaban ganyen nan guda, sannan ta yi abin da ba ta taɓa yi ba: ta matsa gefe ta ce in zauna. Ta ba ni labarin ranar da marigayi ya shigo da shi cikin hularshi don kar rana ta dake shi. Ban ko tuna ina da waya ba.

Yanzu ina karatu a Maradi. A gurup har yau Madam Gero ake ce mini, bidiyon kuma Zali ta rantse ta goge (ba ta goge ba, duk sallah sai ya dawo). Kwanan baya Gwaggo ta turo mini hoto, rabinshi yatsanta ne, sauran rabin dishi-dishi. Sai da na ƙura ido na ga wata sabuwar saiwa, bakinta kore shar, ta leƙo ta hujin tukunya. Ga saƙon murya biye da shi:

"Uwata, Tsoho ya miƙo ƙafa waje. In za ki zo hutu ki zo, amma don Allah kar ki zo da ƙasa."

Abin da na koya? In na ga abu da saiwarshi a waje, yanzu sai na tambayi mai shi kahin tausayina ya yi mishi ɓarna. Kuma in babba na magana, waya tana jaka. "Dakor" dai, sai kunnena ya ji sannan bakina ke faɗinta.