Ranar da Jariri Ya Koma Shuɗi

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Talata, satin da na dawo daga horo a Matameye. Kwana uku ana koya mana gane illar allurar rigakafi da kai rahotonta. Aka ce mu ma'aikatan ƙauye muna gani muna yin shiru. Na ce wallahi ban da ni! Na koma ƙaramar likitarmu ta hanyar Dawce, wato asibitin ƙauye, da takardun rahoto fal jaka, ina neman illa kamar mai cigiyar akuya. (Allah ya yafe mini, har haushi nake ji in yaro ya dawo lafiya lau.)

Ran nan rumfa ta cika da mata masu jiran rigakafi, matan da na shekara ina lallashi kafin su yarda. Sai ga Hadiza da ɗanta Sani, wanda na yi wa allura jiya.

"Madam, tun jiya jikinsa da zafi, duba min shi."

Ta kwance goyo, na karɓe shi. Innalillahi! Wuya shuɗi, ƙirji shuɗi, har cinyar da na soka. A horo an ce shuɗi alamar numfashi ya gaza ne. (Yaron kuwa yana ta wutsil-wutsil yana yi mini dariya, amma ina na gani?) Ba zan ɓoye muku ba, wani gefen zuciyata cewa yake: yau rahoto ya samu!

Maimakon in shiga ɗaki, nan tsakar rumfa na kira babban lokotoronmu na gari, wato dokta, na ɗaga murya: "Lokotoro, ku zo maza, allura ta mai da yaro shuɗi!"

Kafin in aje waya, rumfa wayam. Wata har takalminta ta bari. Hadiza ta ɗora hannu a ka tana salati.

Can sai ga motar marasa lafiya da jiniya, ga kuma Iya, kakar yaron, a guje, an ce mata jikanta ya tafi. Lokotoro ya saurari ƙirjinsa, ya duba leɓe da harshe, ja-wur da su. Ya ce a ba shi auduga da ruwa. Ya goga sau ɗaya. Auduga ta yi shuɗi, fatar Sani ta fito fes.

Iya ta riƙe haɓa. "Ɗiyata, duk karatun naki ba ki san shuni ba? Zanen da ubansa ya aiko ne daga Kano, wurin cin rani. Sabo dal, ko ruwa bai gani ba, yaro ya yi zufa a ciki." Ta juya Hadiza, ta nuna mini bayanta, shi ma shuɗi. "Ita ma uwar kin yi mata allura a gadon baya?"

Direba ya sulale bayan mota yana ƙyaƙyata dariya. Na sunkuyar da kai, sai na ga farar rigar aikina, gaba ɗaya ta rine. Kai, na ji kunyar da ban taɓa ji ba.

Lokotoro ya ce, "Madam, kiran kin yi daidai, ihun ne ya ɓata. Zazzaɓin nan shi za ki rubuta, shi ne illar. Matan da kika kora kuma ke za ki dawo da su, ga ƙyanda tana yawo."

Sati biyu ina bin gida-gida, zane a hannu, jiƙaƙƙiyar auduga a kwano, Iya tana biye da ni. (Ba taimako ya kawo ta ba, daɗin ba da labarin take ji, kullum da sabon ƙari.) A kowane gida sai na goga zanen a hannuna na goge, sun gama dariya, sannan su ce za su zo. Alhamdulillahi sun zo, har mai takalmin.

Yanzu in na ga abin tsoro, auduga nake fara ɗauka kafin biro, in kuma zan kira waya sai na rufe ƙofa. Amma suna ya riga ya bi ni. Sani ya shiga makaranta bana, har yau in mace ta miƙo min jariri sai ta ce, "Madam Shuni, kwantar da hankalinki, na wanke zanen."