Tarar Da Na Ɗauka Ta Lalace

Ranar da zan sabunta lasisina na tuƙi a Kazaure, har surukina na ɗauko daga Kanya Babba, wai in nuna masa yadda ake yi, don shi ma zai sabunta nasa. A hanya na ce masa, “Baba, kai dai ka tsaya bayana, ni na san kan abin nan.”

Abin da ban gaya masa ba, bara an tare ni a hanyar Roni ban ɗaura bel ba, aka rubuta min tara. Na cusa takardar a aljihu, ta tafi wurin wanki, ni kuma na ɗauka magana ta ƙare.

Bayan mun sha layi har ƙafafuna suka yi sanyi, ma'aikaciyar ta duba kwamfuta, ta ɗaga murya: “Malam, akwai tarar da ba ka biya ba. Ba sabuntawa sai ka biya.”

Na gyara hula, na ce, “Hajiya, ai ta daɗe. Na ɗauka ta lalace.”

Ta ce, “Tara ce fa, ba nono ba.”

Layin gaba ɗaya ya fashe da dariya. Baba bai yi dariya ba, ya dai miƙa takardunsa, aka gama masa nan take. Ni kuwa sai da na yi ta zarya tsakanin banki da ofis har mako ya ƙare.

Na biya tuntuni, amma har yau in na je gaishe shi, sai ya ce, “Malam, ta yi tsami ko da saura?”