Motar Daji a Titin Majema

Sallau mai gyaran rediyo ne, tun zamanin da dattijo ba ya zama a ƙofar gida sai da ita manne a kunne. Da wayoyin hannu suka zo suka cinye sana'ar, sai ya koma zaman rumfa a bakin kasuwa, yana gadin tulin matattun rediyoyin da masu su suka manta da su. In rana ta yi kyau a kawo masa tocila, in ta yi kyau ƙwarai a kawo fanka. Yana cikin wannan hali ne Allah ya jeho masa Injiniya Nasidi.

Shi Injiniya Nasidi babba ne a sashen ayyuka, shi ke duba hanyoyin da aka ba 'yan kwangila, ya sa hannu cewa an gama. Mutum ne da furfurarsa, 'ya'yansa har sun shiga jami'a, amma abin da ya fi shiga ransa a duniya wata 'yar motar wasa ce mai rimot, irin ta shiga daji, tsawonta kamu guda, ja wur, da ƙattin tayoyi. Kada ka kuskura ka kira ta wasan yara a gabansa, yanzu kwa ɓata. Duk Lahadi da la'asar shi da wasu manya irinsa, da wani likita da wani manajan banki da wani tsohon soja, sukan haɗu a ramin da aka ɗebi ƙasa a bayan gari, kowa da tasa motar, su tattare manyan riguna suna tsere suna ihu. Kullum kuma Injiniya ne na ƙarshe, abin yana ci masa tuwo a ƙwarya.

Ranar da ya fara kawo motar rumfar Sallau, waya ɗaya ce ta ƙone a cikinta. Sallau ya liƙe ta da dalma kafin Injiniya ya gama ba da tarihin motar. Sannan ya juya ta, ya leƙa ƙarƙashinta, ya ce cikinta ya yi ƙasa da yawa, ko tudun tururuwa ta hau sai ta zauna a kai tana wutsil-wutsil da tayoyi. Injiniya ya dube shi kamar wanda ya tsinci dami a kala. Daga ranar motar ta fi kwana a hannun Sallau fiye da hannun mai ita, tukunyar gidan Sallau kuma ta koma ganin nama bayan an daɗe ba a gaisa ba.

To, ga inda gizo ke saƙar. Sallau a Titin Majema yake zaune. Shekara uku da suka wuce aka ba da kwangilar titin. Aka kawo katafila ɗaya ta kankare ƙasa, aka kafa wani ƙaton allon ƙarfe, aka tafi ke nan. A jikin allon an rubuta cewa an shimfiɗa kwalta kilomita biyu, an kammala, a ƙasa kuma ga sunan injiniyan da ya duba aikin ya amince: Nasidi. Shi kuwa ko hanyar unguwar bai sani ba, a ofis aka kai masa takarda, a ofis ya sa hannu. Damina uku ta bi ta kan ƙasar da aka kankare ta yi yadda take so. Tsakiyar titi ya zama kwazazzabo, gefe ya zama tafki. Da iska ta kayar da allon, mutanen unguwa ba su yi asararsa ba, suka ja shi suka gitta a kan kwazazzabon da ke ƙofar gidan Sallau, ya zama gada. A ganina wannan ne kaɗai amfanin da unguwar ta ci daga kwangilar.

Ke nan kullum safiya Sallau sai ya taka sunan Injiniya kafin ya je ya yi wa Injiniya aiki. Ya sani tun ranar farko, matarsa Lantana ma ta sani, ita kuwa ba ta bar shi ya huta ba. A daminar bara da mahaifiyarta ta kwanta ciwo, babu mai adaidaitar da ya yarda ya shigo, a baro aka tura tsohuwar har bakin babban titi, tana salati ana tallafe ta. Lantana ba ta manta ba, ba ta kuma da niyyar mantawa. Kullum ta ce masa tun da Allah ya haɗa shi da mutumin, ya buɗe baki ya faɗa masa. Kullum shi kuma ya ce yana jiran lokacin da ya dace, ai ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. Gaskiyar magana tsoro yake ji. Ya san manya, ka faɗa musu gaskiya da safe, da yamma su sami wani mai gyaran, shi kuma ba shi da wani Injiniyan.

Bakinsa ya yi shiru, amma hannunsa bai zauna ba. Da yake ba shi da wurin gwaji, in ya tashi daga kasuwa sai ya saƙalo motar a hammata ya zo ya gwada ta a ƙofar gida. Ranar farko ko ramin farko ba ta wuce ba, ta kife. Ya ɗaga cikinta, ya zubar da ruwan man da ke cikin shokazoba ya ɗura mai kauri, ya yanko sifirin daga tsohon sirdin keke ya sa mata. Lahadin nan Injiniya ya zo na uku, har ya kira Sallau a waya muryarsa na rawa. Mako na gaba taɓo ya shiga injin ya kashe shi. Sallau ya busar da shi, ya sa kayan wutar a cikin balan-balan ya ɗaure bakin, ya bi duk wata kafa ya toshe da gam. Da ya ga tana da gudu amma ba ta da ƙarfin ja, ya canja mata giya. Da injin ya riƙa zafi, ya ciro fanka daga wata matacciyar kwamfuta ya ɗaura masa. Da ta riƙa ɗaga kai tana faɗuwa da baya a wajen hawa, ya cusa notina a cikin tayoyin gaba don su yi nauyi. Injiniya yana odar kaya masu tsada daga waje, Sallau ya karɓa da hannu biyu, ya ajiye rabi a kwali, ya ci gaba da sirdin kekensa.

Kafin damina ta raba, babu mai kamo ƙafar Injiniya a ramin bayan gari. Likita ya daina amsa gaisuwarsa da fara'a. Tsohon soja ya ce sai an bincika motar.

Sai dai Sallau yana da wani hali: zai iya haɗiye maganar titi, amma ba ya iya ƙarya a kan aikin hannunsa. Duk sanda Injiniya ya zo yana kuranta motar, yana cewa yanzu babu ƙasar da za ta gagare ta, sai Sallau ya sosa ƙeya ya ce ai da saura, har yanzu ba ta haye filin gwajinsa ba. Sau ɗaya ya faɗa, Injiniya ya yi dariya. Da ya faɗa sau uku, maganar ta tsaya wa Injiniya a wuya. Wane fili ne wannan da ya fi ramin bayan gari? A ina yake? Sallau ya gane ya yi suɓutar baki, ya shiga kame-kame. Ya ce wurin da nisa. Ya ce akwai sauro. Ya ce ba wurin zuwan manya ba ne, wannan kuwa gaskiya ya faɗa.

Wata Asabar da hantsi, bayan an kwana ana ruwa, sai ga jif ɗin Injiniya a bakin rumfa, motar wasa a kujerar baya, an yi mata wanka tana ƙyalli. Ya ce Sallau ya shigo, yau sai ya ga filin nan da idonsa. Sallau ya shiga yana karanta duk addu'ar da ta zo bakinsa. Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi.

A bakin Titin Majema jif ta tsaya, don ko ita ba ta ga wurin sa ƙafa ba. Suka sauka. Sallau ya sunkuyar da kai yana jiran mutumin ya gane inda yake. Ina! Injiniya ya tsaya ya riƙe ƙugu, ya dubi ramuka, ya dubi kwazazzabo, ya dubi duwatsun da ruwa ya tono, fuskarsa ta washe.

"Sallau, ashe haka kake da rowa? Dubi gangara, dubi taɓo, dubi hawa. Wallahi ko ɗan kwangila ka ba ya yi maka irin wannan, ba zai iya ba."

Sallau ya ce haka ne, ranka ya daɗe.

Injiniya ya tambaya ko filin waye, ya ce a gaya wa mai shi kada ya yarda kowa ya cike wurin, shi zai kawo abokansa ranar Lahadi su ga yadda ake wasa.

Kafin nan labari ya zaga unguwa cewa ga wani babba ya zo da jif yana nuna ramuka da yatsa. Mutane suka ɗauka gwamnati ce ta tuna da su. Mai unguwa ya zura babbar riga ya fito yana haɗa jawabi a ransa, masu shaguna suka bar shagunansu, mata suka leƙo ta zaure, cikinsu har da Lantana, wadda kallo ɗaya ta yi wa baƙon ta gane ko wanene. Jama'a suka taru suna jiran a fito da takarda ko igiyar awo. Sai babban mutum ya durƙusa, ya ajiye 'yar jar mota a ƙasa, ya zaro rimot. Mai unguwa ya haɗiye jawabinsa.

A yi wa motar adalci, ta yi ƙoƙari. Ta faɗa ramin farko ta fito. Ta ratsa tafkin ƙofar masallaci tana feshin ruwa, ta haye tudun shara, ta bi ta kan duwatsu tana rangaji ba ta kife ba. Har wasu suka fara tafi, don mutanen Majema sun daɗe ba su ga abu mai taya huɗu ya kai nan ba. Injiniya yana biye da ita, takalmi ya yi kaca-kaca, bai ma sani ba. Da suka iso babban kwazazzabon ƙofar gidan Sallau, sai ya hau kan gadar allon nan don ya fi gani da kyau, ya gyara tsayuwa, ya danna wuta har ƙarshe.

Motar ta gangara da ƙarfinta, ta kai tsakiya, ta tsaya. Tayoyi huɗu suka yi ta juyawa suna watsa taɓo, ita kuwa tana nutsewa a hankali, har ya zama eriya kaɗai ake gani. Ta yi wani ɗan kuka, ta yi shiru.

Wani ya fara dariya daga baya, sai ta kama kowa. Mai unguwa ma ya juya baya kafaɗunsa na rawa.

Injiniya bai saba a yi masa dariya ba, sai ya juye a kan na kusa. Ya ce Sallau ɗan koyo ne, mai gyaran tocila ne da ya samu wuri. Ya ce ya ba shi mota lafiyayya ya cika ta da tarkacen keke da balan-balan. Ya ce kamfanin da ya ƙera ta da kansa ya rubuta a kwali cewa babu dajin da ba ta shiga, to wane irin hannu ne ya taɓa ta har ta mutu a ɗan wannan wuri? Ya faɗa ya maimaita, a gaban maƙwabta, a gaban mai unguwa, a gaban Lantana.

Sallau ya ji zafi har cikin ransa. Wata huɗu yana taka sunan mutumin nan yana yin shiru, an tura surukarsa a baro ya yi shiru, amma a zagi aikin hannunsa a ƙofar gidansa, wannan ya fi ƙarfinsa. Ya tuna naman tukunya, ya san daga yau sun yi sallama. Ya dubi zaure, ga Lantana ta harɗe hannu tana kallonsa.

Ya naɗe wando, ya shiga taɓon har gwiwa, ya lalubo motar ya fito da ita. Ya ciro tsumma daga aljihu ya share ta tas, ya miƙa wa mai ita da hannu biyu. Sannan ya durƙusa a gaban Injiniya kamar mai neman gafara, ya sa tsumman nan ya goge taɓon da ke kan allon, daidai gaban takalminsa, a hankali, layi bayan layi, har rubutun ya fito: kwalta kilomita biyu, an kammala, da sunan wanda ya duba.

Injiniya, da yake bai riga ya duba ƙasa ba, ya daka masa tsawa.

"Magana nake maka! Me ya kashe min mota?"

Sallau ya miƙe, ya yarfe tsumman.

"Ranka ya daɗe, gyara ba shi da laifi, kamfani ma bai yi ƙarya ba. Motar daji ce, kai kuma ka hau da ita kan kwalta."