Ranar da na kai wa Hauwa ɗauki a kan kwaɗo

Ko na tsufa na ruɗe, ba zan taɓa mantawa da ranar da na je jami'a a Gubi na taimaki kimiyya ba. (Aji huɗu na yi a firamare, amma a majalisarmu ta Yelwa ni ake kawo wa takardar asibiti, in juya ta sama da ƙasa in yanke hukunci.)

'Yata Hauwa ce za ta kare binciken digirinta na biyu, bayan shekara uku tana fama. Kullum na tambaye ta sai ta ce, "Baba, aikin kwaɗo ne." Ni kuwa na ɗauka na zogale ne, har ina gaya wa abokaina boko ya dawo hanya.

Na sha babbar riga, na zauna a sahun gaba. Tana zuba Turanci, ina gyaɗa kai kamar da ni aka rubuta. Can sai babban mai jarrabawar, wani farfesa ɗan kudu mai Hausar kasuwa, ya ce bari ya fassara wa iyaye. Wai a jikin kwaɗo akwai sinadari mai kashe ƙwayoyin cuta, sai dai da ya shiga jikin mutum yake lalacewa. Hauwa ta sauya masa gini don ya ƙara ƙarfi, ya kuma daɗe. Ya juya gare ta: "To, me kika yi masa?"

Yarinya ta yi shiru tana duban takarda. Shekara uku za ta zube ina kallo? Na miƙe.

"Ranka ya daɗe, ƙuli-ƙuli ake ƙarawa. In kuma ana so ya kwana, kada a sa tumatir."

Sai dariya ta ɓarke daga baya. Farfesa ya cire tabarau ya ce, "Baba, wannan kwaɗon mai tsalle ne."

Hauwa ko kallona ba ta yi ba. Ta ce sinadarin kamar sarƙa yake, ta haɗa bakinsa biyu ya zama zobe, don abin da ke gutsura shi a jini ya rasa wurin kamawa. Aka tafa mata. Ta ci.

A bas ta ce, "Haba Baba, da ka bari na numfasa." Na ce ai dariyar ce ta tausasa farfesa. Ta juya tana kallon taga har muka sauka.

Tun daga ranar, in na ga mai ilimi ya yi shiru, ba na kai masa ɗauki. Ashe tunani yake yi, ni ne ban san kamanninsa ba.