Ranar da Sallau Ya Kasa Kwamfutoci

A ƙauyenmu Tudun Gawo akwai wani mutum ana ce masa Sallau, kuma ba da jin daɗi nake gaya muku cewa ƙanin matata ne ba. Ba yaro ba ne, furfura ta fara leƙo masa a gemu. Gidansa ɗaki biyu ne a jikin katangata, yana zaune da matarsa Tabawa, da 'ya'yansu da duk suka fi uban wayo, da wata akuya mai ido ɗaya. Sallau ba ya sata, ba ya ƙarya, ba ya ƙyuya. Ciwonsa guda ne: abin da ka faɗa shi zai yi, abin da kake nufi kuwa kai ta shafa. Matata Uwale ita ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, saboda haka ko hararar sa na yi, ranar sai in ci tuwo babu man shanu.

Ni malamin firamare ne. Shekarun baya na buɗe shagon buga takardu a garin ƙaramar hukumarmu, na zuba kwamfutocin tebur, irin masu akwati a ƙasa da allo mai ƙatuwar ƙeya a sama, wanda muke ce wa fuska. Da wayar hannu ta cika gari sai sana'ar ta mutu, na rufe shago na kwaso su na jibge a zaure. A shekarar da nake ba ku labari gonata ta gaji, bara ko rabin rumbu ba mu cika ba. In ban samu taki kafin ruwa ya zauna ba, gidana da na Sallau duk yunwa za mu yi, domin rumbu ɗaya muke ci. Ba ni da abin sayarwa sai tsoffin kwamfutocin nan, ga shi ina aji har azahar. Uwale ta ce, "Malam, ga Sallau zaune ba ya komai, ka bar shi ya tsare maka kayan a kasuwa." Na amince, kuma har yau in na tuna sai na yi tsaki.

Wata rana muka kai kayan rumfar wani abokina a kasuwar garin. Kafin in tafi makaranta na ce wa Sallau, "Na gaya maka kuɗin kowacce. In mai saye ya zo ya ce ka sa mata suna, ka sa mata, kada ka tsaya kame-kame." Duk wanda ya taɓa shiga kasuwa ya san sa suna shi ne faɗin farashi. Can da hantsi wani mai kemis ya zo, ya shafa ɗaya daga ciki ya ce, "Sa mata suna mu ji." Sallau ya ƙare mata kallo, sannan ya ce, "Ladidi."

"Ladidi kuma?"

"Ranar Lahadi na goge ta. Waccan mai ƙara ita ce Gaje."

Mutumin ya ɗauka raina masa hankali ake yi, ya zage shi tas ya tafi. Kafin in dawo Sallau ya gama raɗa wa duk suna, ya sayi goro da kuɗin motarsa ya raba wa maƙwabtan rumfa. Ina shigowa kasuwa mahauta suka fara gaishe ni, "Malam, ya masu jego?" Raina ya ɓaci har na kasa amsa gaisuwar mutanen kirki.

Wata rana, bayan na zaunar da shi na fayyace masa cewa suna kuɗi ne, na ƙara masa karatu. Na ce, "Kowacce dubu talatin. Amma ɗan kasuwa ba ya rawar jiki. In an taya, ka ce albarka." Ranar Allah ya kawo wata Hajiya mai makarantar kuɗi, tana son guda huɗu don ta jera a aji iyayen yara su gani. Irin mai sayen da nake roƙon Allah ya kawo ke nan. Ta taya ashirin, Sallau ya ce albarka. Ta ce ashirin da biyar, ya ce albarka. Ta ce, "To na saya yadda ka faɗa, talatin." Ya ce albarka.

"Bawan Allah, ba kai ka ce talatin ba?"

"Ni na ce, Hajiya. Albarka."

Don haushi ta ƙara dubu biyu a kai ta ga gudun ruwansa, ya sake ce mata albarka. Ta tattara mayafinta ta shiga mota. Da na iso na tarar da shi yana washe baki. Ya ce, "Yaya Malam, yau na yi albarka har muryata ta dishe." Na tsaya ina kallonsa. Takin rabin gona ne ya shiga mota ya tafi, shi kuma yana jiran in yabe shi. Na yi masa faɗan da ban taɓa yi wa ɗan aji ba, tun daga rumfa har tasha.

Wata rana, Asabar ce babu makaranta, na ce yau da kaina zan tsaya. Sallau bai huce daga faɗan ba, tun safe ya ɗaure fuska kamar wanda aka aiko wa saƙon mutuwa. Yana sauke kaya daga baro, ya rungumo fuskar kwamfutar da ta fi kowacce haske, wadda nake taƙama da ita, sai ga wani mai rawani ya nufo mu da alamar ciniki. Mutumin ya dubi Sallau ya ɗan ja baya. Na matsa kusa na ce ƙasa-ƙasa, "Kai Sallau, ga mai saye, saki fuska mana." Ya sake ta. A kan ƙafata ta dama ta sauka, gilashin ya tarwatse, ni kuma na saki ƙarar da ta sa tumakin kara suka firgita. Mai rawani ya yi dariya har rawaninsa ya kwance, ya ce Allah ya sawwaƙe, ya wuce abinsa. Sallau ya durƙusa yana hura min ƙafa yana cewa, "Yaya Malam, ni ma na yi mamaki da ka ce in sake ta." Daga ranar na koma dogara sanda, babban yatsana ya kumbura kamar gurji.

Wata rana ina cikin aji Sallau ya kira ni da wayar mai rumfa. Wani mai cike wa ɗalibai takardun jarrabawa ya sayi ɗaya, har sun daidaita, sai dai ya ce maɓallin kunna ta yana maƙalewa. Akwai mai gyaran rediyo a rumfar gaba da ke iya irin wannan. Yara suna ta surutu, na ce da sauri, "Karɓi kuɗin, amma ka tabbata an yi masa gyara kafin ya tafi." Sallau ya karɓi kuɗi. Sai ya tuna yadda mai awon gero ke ƙara wa mai saye ɗan hannu a kan mudu, ya ɗauki wata kwamfutar sukutum, da akwatinta da fuskarta da wayoyinta, ya ɗora wa mutumin ya ce, "Ga gyara." Shi kuwa maras tsoron Allahn bai tsaya tambaya ba, ya tari ɗan acaɓa suka ɗaure kaya suka ɓace. Har yau ina neman sa, kuma duk ranar da muka haɗu zai gane malamin firamare ma yana da hannu.

A makon ne aka yi ruwan shuka. Maƙwabta suka fita da sungumi, ni ina zaune a zaure da kumburarriyar ƙafa da ragowar tsoffin ƙarafa, kuɗin da ke hannuna ko buhu ɗaya ba zai saya ba. Na ce wa Uwale, "Ƙaninki ya gama da mu. Bana kowa ya nemi rumbunsa." Ta juya tana share hawaye da bakin zane. Wannan ya fi komai ƙona min rai, domin na san ba zan iya cin tuwo 'ya'yan Sallau suna kallona ta kan katanga ba, kuma na san tuwon ma babu shi. Tsoro ne ya kama ni, na gaske, irin wanda magidanci ba ya faɗa wa iyalinsa.

Wata rana na ce a yi ta ta ƙare, mu kai ragowar birni, layin masu sayar da kwamfuta da masu gyara. Dole na tafi da Sallau, don da wannan ƙafar ko waya ba zan iya ɗauka ba. Muka bi shago shago. Wani ya ce, "Baba, waɗannan ai sun girmi yaran shagona." Wani ya ce wa zai sayi mai ƙatuwar ƙeya ana zamanin ta tafi-da-gidanka. Na ƙarshe bai ko kunna su ba, ya ɗaga ɗaya ya jijjiga ya taya ta kuɗin ƙarfe, kamar tsohon murhu na kawo masa. Abin da na saya da gumin shekaru, yaro yana jijjiga shi yana taunar cingam. Na fito idona ya rufe. Na tuna an ce wani tsohon ɗalibina yana da shago a ƙarshen kasuwar, na ce bari in gwada shi. Na nuna wa Sallau wani fili a bakin layin na ce, "Kasa su a nan, ko Allah zai kawo mai saye. Ina zuwa."

Na sha yawo da sanda ban sami ɗalibin ba, aka ce ya koma sayar da takalma. Ina dawowa na hango mutane sun yi cincirindo a inda na bar Sallau. Na kutsa. Babu kwamfuta ko ɗaya a tsaye. Ya aro sukundireba, ya shimfiɗa buhuna, ya kwance su kaf. Fankoki kashi guda, wayoyi kashi guda, 'yan sirara koraye kashi guda, notina ma ya tara su tsibi tsibi kamar mai tumatir.

"Sallau, me ka yi min?"

"Yaya Malam, ka ce in kasa su. Abu ƙato haka ai ba ya kasuwa sai an yi masa gunduwa-gunduwa."

Na manta da Uwale, na manta da zumunci, na ɗaga sanda. Wani mai gyara ya riƙe min hannu ya ce, "Baba, in dukansa za ka yi, ka bari mu gama ciniki tukuna." Ya ɗago ɗaya daga 'yan korayen nan ya ce sunanta ram, irin ta da ce, an daina kawo ta. Ya ce masu ɗab'i da masu hoto har yanzu da tsoffin kwamfutoci suke aiki, in abu ya lalace a ciki sai a yi wata ana nema ba a samu ba. A haɗe babu mai so, amma kayan cikin kowa yana da na kwastoma da ke jira a shagonsa. Yana cikin bayani wani ya fizge ram ɗin daga hannunsa ya ƙara kuɗi a kan tayinsa. Wani ya dafe fankoki ya ce ya riga kowa. Har wanda ya jijjiga min kaya ɗazu sai ga shi a tsugune yana roƙon a bar masa kashi ɗaya, na ce masa ya ƙara ko ya tashi, ya ƙara. Ni dai karɓa kawai nake yi, su suke sa wa junansu tsada. Kafin la'asar buhunan sun zama wayam, fankon akwatunan ma wani ɗan gwangwan ya auna ya kwashe. Abin da muka tashi da shi ya sayi takin da zai ishi gonar, har da kuɗin mota.

A hanyar komawa muna zaune a bayan a-kori-kura, a kan buhunan taki, hadari yana haɗowa ta gabas. Haushi bai sake ni ba. Na duba ta ko'ina in sami abin da zan yi masa faɗa a kai, na rasa, kuma rashin ya ƙara min wani haushin. Mutum ya yi maka ɓarna da hannunsa, ɓarnar ta zo ta rufa maka asiri. Sallau ya takure a gefe yana satar kallona, can ya ce, "Yaya Malam, yau ma na yi laifi ko?"

Da wani ne da sai in yi gyaran murya in kau da kai, ya gane sauran da kansa. Amma Sallau ba ya gane abin da ba a faɗa ba, in na yi shiru haka zai kwana yana jin shi mai laifi ne. Dole na faɗa masa ƙarara.

"Ba ka yi laifi ba. Bana kai ka ciyar da gidan nan."

Ya yi lissafi a ransa. Sannan ya ce, "To Yaya Malam, na yarda. Sai dai a sa Tabawa ta koya min tuƙa tuwo, don ban iya ba."

Na juya na fuskanci hanya don kada ya ga idona, yayyafi ya fara sauka a kan buhunan.